Allurar Gina Tsoka da 'Ya'yanmu: Jawabi ga Dattawa da Iyaye

  Ni ba likita ba ne. Makarantar tauhidi na yi. Amma wani abu da ya faru a ikkilisiyar da nake kiwo ya tilasta mini in zauna da likitoci in yi tambaya, kuma abin da na koya shi ne na kawo muku yau.

Wasu ma'aurata sun zo wurina bayan shekara 4 da aure ba haihuwa. Dangin miji sun ɗora laifin a kan matar, har an fara raɗe-raɗin ta koma gidan iyayenta. Na ce su je asibiti su biyu. Da aka yi gwaji, aka tarar matar lafiyarta ƙalau. Mijin ne ƙwayoyin haihuwarsa suka kusa ƙarewa. Da likita ya matsa masa da tambaya, sai ya faɗi gaskiya: tun kafin aure yake yin wata allura da abokansa na wurin ɗaga ƙarfe suke sayar masa don damtsensa ya cika. Wannan saurayi yana cikin waɗanda suke tsaron ƙofar majami'armu ranar Lahadi. Mu dattawa mun sha yaba ƙirarsa, ba wanda ya taɓa tambayarsa inda ya samo ta. Shekara 4 wannan baiwar Allah tana shan gori a kan laifin da ba nata ba.

Mene ne wannan magani?

Likitoci suna kiransa anabolik sitiroyid. A jikin kowane namiji akwai wani sinadari mai suna testosteron, wanda 'ya'yan maraina suke yi. Shi ne yake sa muryar yaro ta buɗe, gemu ya fito, tsoka ta yi ƙarfi in ya balaga. A shekarar 1935 masana a Turai suka iya haɗa shi a ɗakin bincike. Daga nan kamfanoni suka yi ta fitar da ire-irensa, wasu ƙwaya, wasu allura. Wanda ake kira Dianabol ya shiga kasuwar Amurka a 1958, kuma masu ɗaga ƙarfe suka rungume shi.

Kada mu haɗa shi da ƙwayoyin ƙiba da wasu 'yan mata suke sha, waɗanda ake yi wa laƙabi da sha-ka-fashe. A cikinsu akan sami deksametason, wanda shi ma sitiroyid ne amma na wani gida dabam. Shi ba ya gina tsoka. Yana sa fuska ta kumbura, jiki ya tara ruwa da kitse, yana kuma iya jawo ciwon suga da hawan jini. Dukansu biyun suna da haɗari in ba likita ne ya rubuta ba.

Amfaninsa a asibiti

Ba na so wani ya fita daga nan ya ce Fasto ya ce maganin haram ne. Likita yakan ba da testosteron ga namijin da jikinsa ba ya yin isasshe, ko yaron da balagarsa ta yi jinkiri ƙwarai. An yi amfani da wasu ire-irensa ga masu ciwon ƙanjamau da suka rame, da waɗanda wuta ta ƙone sosai, da masu wani irin ƙarancin jini. Amma likita yana auna jini kafin ya fara, yana ba da ɗan kaɗan, yana kuma bin lafiyar hanta da zuciya. Masu sha don ado sukan sha ninki 10 har zuwa 100 na abin da likita zai ba mara lafiya. Idan akwai ɗan ikkilisiyarku da likita ya ɗora a kan wannan magani, kada ku hana shi, kada kuma ku sa shi jin kunya.

Abin da doka ta ce

Duniyar wasanni ce ta fara farkawa. A gasar Olamfik ta Montreal a 1976 aka fara gwada 'yan wasan Olamfik don gano wannan magani. Dattawan da ke nan za su tuna Ben Johnson na Kanada, wanda ya ci tseren mita 100 a birnin Seoul a 1988 cikin daƙiƙa 9.79. Cikin 'yan kwanaki aka sami stanozolol a fitsarinsa, aka karɓe zinariyar aka ba Carl Lewis na Amurka. A tsohuwar Jamus ta Gabas kuwa, gwamnati da kanta ta riƙa ba 'yan wasa, har da 'yan mata ƙanana, ana ce musu bitamin ne. A shekarar 2000 wata kotu a Berlin ta sami Manfred Ewald, tsohon shugaban wasannin ƙasar, da laifi a kan haka. Marion Jones ta Amurka ta amsa laifinta a 2007, ta mayar da lambobi 5 da ta ci a Sydney a 2000, ta kuma shiga kurkuku na wata 6 saboda ƙaryar da ta yi wa masu bincike.

A 1990 Amurka ta yi doka ta sa shi cikin magungunan da ake hukunta wanda ya mallaka ko ya sayar ba da takardar likita ba. A Ingila sayar da shi ba da izini ba laifi ne. A 1999 aka kafa WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni. A nan Nijeriya, NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ce ke rajistar magunguna, kuma wannan ba irin maganin da mai kemis na unguwa ko mai koyar da ɗaga ƙarfe yake da ikon ba wa mutum ba ne. Abin da ake sayarwa a ɓoye sau da yawa jabu ne. Abin da aka rubuta a kwalba dabam, abin da ke ciki dabam.

Illarsa

Idan jiki ya ga sinadarin yana shigowa daga waje da yawa, sai ya daina yin nasa. Maraina su ƙanƙance, ƙwayoyin haihuwa su ragu. Abin da ya sami ɗanmu ke nan. Wasu maza nono yakan fito musu. Ƙuraje su cika baya da fuska, gashin kai ya zube. Jini yakan hau, naman zuciya ya yi kauri, har saurayi ya faɗi da ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Ƙwayoyin sha suna lalata hanta. Mace takan yi gemu, al'adarta ta rikice, muryarta ta koma ta maza, kuma sau da yawa muryar ba ta dawowa. Yaron da bai gama girma ba, ƙashinsa yakan rufe da wuri, tsayinsa ya tsaya nan. Ga saurin fushi, ga baƙin ciki mai tsanani in an daina. Masu karɓa-karɓa da sirinji ɗaya kuma suna raba wa juna ƙanjamau da ciwon hanta.

Abin da ya kamata mu yi

Na ɗaya, dattawa, mu lura da harshenmu. A wuraren da muke kaɗan ne, mukan so mu ga ƙarti a bakin ƙofa, muna yi musu kirari. Yaro yana jin abin da muke yabo, kuma zai nemo shi ko ta halin ƙaƙa. Mu yabi natsuwa da riƙon amana fiye da faɗin ƙirji.

Na biyu, iyaye, in ɗanku ya cika cikin wata 2 ko 3, ga ƙuraje, ga faɗa ba dalili, ku zaunar da shi ku tambaye shi cikin ƙauna. Motsa jiki abu ne mai kyau. Wake, gyaɗa, ƙwai, kifi da isasshen barci suna gina jiki, sannu a hankali.

Na uku, wanda ya riga ya fara, a kai shi wurin likita, kada a bar shi ya yi fama shi kaɗai. Kada mu yi gaggawar sa shi ƙarƙashin horo, domin in ya ji tsoronmu zai ɓoye.

Na huɗu, a shawarar da muke ba masu shirin aure, mu sa wannan tambaya. In kuma haihuwa ta yi jinkiri, miji da mata su je gwaji tare.

Ɗan namu ya daina, yana ganin likita har yanzu. An gaya masa jikin wasu yakan farfaɗo cikin watanni, na wasu ya fi shekara, wasu kuma ba ya komawa daidai. Ya tara danginsa ya roƙi matarsa gafara a gabansu. Har yau suna jira, kuma da izininsu na ba da wannan labari. Ina roƙo ku sa su cikin addu'a.

 Ubangiji ya ba mu hikimar kiwon 'ya'yanmu. Amin.