Tsohon fim ɗin hoto baƙi da fari: kada ka buɗe, kada ka yar



Kai ɗan kasuwa mai ɗauko gwanjo daga Kwatano, wataƙila ka taɓa cin karo da tsohuwar kyamara da 'yan gwangwanayen fim a cikin kaya. Kai kuma makiyayi, mai yiwuwa akwai irinsu a akwatin marigayi baba. Abu na farko: kada ka zaro fim ɗin don ka ga abin da ke ciki. Fim ɗin da ba a wanke ba, da zarar haske ya taɓa shi, shi ke nan. In fuskar kakanka ce a ciki, ta tafi har abada.

Ka san da me ake yin sa? Ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa ne a cikin wani danƙo da ake dafawa daga ƙashi da fatar shanu. A 1925 masanan kamfanin Kodak suka gano cewa abin da saniya ta ci yana shafar ƙarfin fim, saboda ɗan sinadarin farar wuta da ke shiga danƙon daga wani ganye da take kiwo. To ka ji, da hannunka a sana'ar masu hoto.

Ranar da aka rubuta a kwali ta wuce, amma baƙi da fari yana da jimiri, ya fi mai kala nesa ba kusa ba. Zafi da laima ne ke cin sa. Wanda ya shekara a shagon kwano lokacin bazara ya fi tsufa a kan wanda ya kwana a ƙuryar ɗakin ƙasa. In ya tsufa, ganinsa yana raguwa, wani hazo kuma ya rufe shi kamar na hunturu.

Idan ba a ɗauki komai a kansa ba, ka ba shi haske fiye da yadda aka rubuta. Masu hoto kan raba lambar da ke jikin kwali biyu a kan kowace shekara 10: mai 400 da ya wuce wa'adi da shekara 20, sai a saita kyamara a 100. Kintace ne. Mai 100 yakan jure tsufa fiye da mai 400. Ka ɗauki abu ɗaya sau uku, kana ƙara haske. Ni dai ba zan ɗauki ɗaurin aure da shi ba.

Wanki kuwa, nemi tsohon mai hoto da ya san ɗakin duhu, ka gaya masa shekarun fim ɗin. Injin wankin mai kala zai iya share maka shi fes.

Bayan an wanke, haske ba ya yi masa komai. Riƙe shi ta gefe, kada yatsa ya taɓa tsakiya. Hure ƙura, kar ka goge da bakin riga. In babu na'urar sikanin, buɗe farin shafi a waya ɗaya, ka ɗaga fim ɗin kaɗan sama da gilashinta, ka ɗauka da wata wayar, sannan ka juya baƙi ya koma fari a manhajar gyaran hoto. Ƙara duhu kaɗan, hazon zai ja baya.

Kada ka raina waɗannan 'yan ledojin. Malick Sidibé na Mali, Bafulatani ne da ya yi kiwo yana yaro a Soloba. Ya adana fina-finan da ya ɗauka a Bamako shekara da shekaru, a 2007 aka ba shi babbar lambar yabo a birnin Venice na Italiya.

In ka ji naka yana warin tsami, ya fara ruɓewa. Ware shi daga sauran, ka ɗauke shi da waya yau ɗin nan, sauran kuma ka sa su a ambulan na takarda, ban da leda.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.