Wa ya rubuta sunayen limamanmu?

Yau daga Tabanni nake magana, kuma abin kunya ne ya kawo shirin nan.

Makon jiya na zauna da wani dattijo, abokin marigayi kakana, na ce, "Baba, a lissafo mini limaman masallacinmu tun daga na farko." Ya ƙirga huɗu a yatsa, sai ya yi shiru. Ya ce akwai biyu kafin su, amma wanda ya san sunayensu ya rasu lokacin da 'yan bindiga suka tarwatsa mutane. Ni da na yi digiri, ban taɓa ɗaukar biro na tambaya ba sai yanzu.

Abin da ya tunzura ni shi ne wani jeri da na ci karo da shi a intanet. A Durham ta Ingila akwai babban coci da aka haɗa da gidan 'yan zuhudu a 1083. A suna, bishop ne uban gidan, amma wanda ke riƙe da shi kullum, mai kula da gonaki da kuɗi da takardu, wani ne na biyu. Na farkonsu Aldwin, sai Turgot, a haka har Hugh Whitehead, wanda a hannunsa Sarki Henry na Takwas ya rufe gidan a 1539. Shekara sama da ɗari huɗu da hamsin, sunaye na nan a jere.

To kada wani ya ce ai Turawa ne. Mu ma muna da irinsa a Sakkwato, gidan Waziri. Shi ma Waziri na biyu ne, Sarkin Musulmi na sama, amma wasiƙu da littattafai a hannunsa suke. Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, ya yi wa Muhammadu Bello wazirci, ya kuma rubuta Raudul Jinan kan Shehu Usmanu. Ɗansa Abdulƙadir ya gaje shi. A 1903, da Turawa suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas har aka kashe shi a Burmi. Waziri Buhari kuwa ya zauna da jama'ar da suka rage, ya kuma rubuta hujjarsa ta zama. Ka yarda da shi ko kada ka yarda, ni kaina na daɗe ina jinjina maganar, amma dai ya bar maka abin da za ka karanta ka yi masa hukunci. Sai Waziri Junaidu, daga 1948 har rasuwarsa a 1997. Takardun gidansa ne Murray Last ya dogara da su sosai wajen littafinsa na 1967 kan Daular Sakkwato.

Mu fa a nan ƙasar Birnin Gwari? Ƙauye ya watse, liman ya koma wani gari, alluna da littattafai wasu sun ƙone, wasu gara ta cinye. Masu komawa gida suna gyara rufin masallaci, sunayen kuwa ba mai neman su.

Na sayi littafin rubutu, na sa huɗun nan a shafin farko, na bar layi biyu a sama. An ce mini akwai wata tsohuwa, jikar ɗaya daga cikinsu, tana zaune a Kaduna. Ranar Asabar zan kama hanya in Allah ya yarda.