Da Wane Mudu Ake Auna Aikin Ɗan Sanda?



Iyayenmu sun san 'Yan Dokan En'e, waɗanda aka haɗe da 'yan sandan Tarayya a zamanin Janar Yakubu Gowon. Yau runduna ɗaya ce a ƙasa duka, kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ɗora mata hana laifi da kare rai da dukiya.

To, da me za mu auna aikinta? Waɗansu sukan dubi yawan waɗanda aka kama. Wannan mudu bai cika ba, gama caji ofis yana iya cika alhali ɓarawo yana yawo. Mutanen Gombe da suka sha wahalar 'Yan Kalare sun san mudu na farko, watau ɗan kasuwa ya rufe shago da dare ya isa gida lafiya.

Na biyu shi ne bin doka. Tsarin Mulki na 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Dokar 2020 ta hana kama mutum a madadin wani, saboda haka ba a tsare uba don ɗansa ya gudu. Beli kuwa kyauta ne.

Na uku yana hannunku. Ku kai rahoto, ku tsaya shaida. Wanda ɗan sanda ya zalunta ya kai kuka Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda.

Allah ya zaunar da mu lafiya.