ME YA SA BA A JIN MAGANA A ZAUREN TARONMU?

Jawabin da wani tsohon ɗalibi ya gabatar a taron shekara na ƙungiya, a Rabah



Na san waɗanda ke bayan zauren nan da ƙyar suke tsintar abin da nake faɗi. To, a kan haka zan yi magana. Muna ɗalibai, sau nawa aka yi mana bulala a kan sanarwar da aka ce an yi a asambili, alhali mu 'yan baya guɗa kawai muka ji? Yanzu kwamiti ya kawo shawarar a sayi manyan lasifikoki da kuɗin da muka tara. Ina roƙon a ɗan dakata.

Sauti yana tafiyar kimanin mita 350 a sakan ɗaya a irin zafin ƙasarmu. Idan tsawon zaure mita 20 ne, muryata za ta je bangon baya ta dawo, tafiyar mita 40 ke nan, cikin abin da ya ɗan haura kashi 1 cikin 10 na sakan. Kafin ta dawo na riga na shiga gaɓa ta gaba, sai su haɗu su cakuɗe. Bangon siminti, daɓen siminti da rufin kwano ba sa shan sauti, mayar da shi suke yi ya yi ta zagaye. Ga Hausa kuwa da jan wasali take rarrabe ma'ana. Idan amon ya cika ɗaki, ba ka bambance garin da ake zama da garin da ake tuwo. Ƙara ƙarfin lasifika kuwa ƙara wa bango abin da zai mayar ne.

Magabatanmu ba su sha wannan wahala sosai ba. Ginin ƙasa, rufin azara da shimfiɗar tabarmi suna rage amo. Inda jama'a ta yi yawa, sai ladani ya maimaita kabbarar liman, ko sanƙira ya ɗaga maganar sarki, bayan mai magana ya kai aya.

Turawa ma sun ci karo da matsalar. A 1895 Jami'ar Harvard ta Amurka ta ɗora wa wani matashin malami, Wallace Sabine, gyaran wani ɗakin lacca inda kalma kan yi fiye da sakan 5 tana yawo kafin ta mutu. Da matasan kujeru ya yi ta gwaji cikin dare, har ya gano lissafin da ake amfani da shi har yau: gwargwadon abin da ke shan sauti a ɗaki, gwargwadon saurin mutuwar amo. Ɗakin jawabi yana son amon ya mutu cikin kimanin sakan 1.

Na'ura ma tana da nata aikin. Wutar lantarki tana kai murya lasifikar baya nan take, ita kuwa muryar da ta biyo iska daga dandamali sai daga baya ta iso, mutum ya ji magana biyu. Maganinsa na'urar jinkirta sauti, wadda ke riƙe muryar lasifikar baya kimanin kashi 3 cikin 1,000 na sakan a kan kowace mita, har su iso tare. Binciken da Helmut Haas na Jamus ya wallafa a 1951 ya nuna cewa idan tazarar ƙarama ce, kunne yana haɗa su murya ɗaya. Wayar da ke aljihunku ma tana lissafa amon da zai dawo mata ta cire shi, shi ya sa ba ku jin muryarku tana dawowa.

Don haka shawarata uku ce. Na farko, a sa silin a ƙarƙashin kwanon nan, a rataya labule masu kauri a bangon baya. Na biyu, a sayi ƙananan lasifikoki a jera su suna kallon kujeru, ba bango ba. Na uku, a haɗa su da na'urar jinkiri. Kafin a kashe ko kwabo, a zo a tafa hannu sau ɗaya a zauren nan ba kowa, a saurari tsawon amon, a rataya barguna a sake tafawa. Kunne zai ba da shaida.

Ƙannenmu da ke zama a baya suna da haƙƙin su ji malaminsu.