Sunayen Da Ake Jifan Mutane Da Su Ragowar Jahiliyya Ne, In Ji Malam

An yi kira ga 'yan uwa matasa da su tsare harsunansu daga munanan sunayen da al'umma ke laƙaba wa waɗanda ta mayar saniyar ware. Wannan kira ya fito ne daga bakin Malamin da ya gabatar da jawabi a zaman karatun matasa na mako-mako, bayan sallar Isha'i.

Bayan ya yi yabo ga Allah (T) da salati ga Manzo (S), Malam ya ce kafin al'umma ta yar da mutum sai ta fara sa masa suna. Da zarar sunan ya bi shi, shi ke nan, an manta da wanda aka raɗa masa ranar suna, kuma duk abin da aka yi masa ba a ganinsa zalunci. Ya ce Allah ya hana jifan juna da miyagun laƙabobi a aya ta 11 ta Suratul Hujurat, ya kuma sanya wanda bai tuba daga haka ba cikin azzalumai.

Daga nan sai ya kasa waɗannan sunaye kashi uku. Kashi na farko, in ji shi, su ne na jarrabawar jiki, kamar kuturu, makaho, gurgu da mahaukaci. Ya tunatar da 'yan uwa cewa farkon Suratu Abasa ya sauka ne a kan Abdullahi bin Ummi Maktum, makaho, wanda daga baya ya zama ladani tare da Bilal, kuma Manzo (S) ya sha barin sa ya riƙe Madina in zai fita. Ya ce ambaton larura don a gane mutum ba laifi ba ne, domin malaman hadisi sun san A'amash da A'araj da laƙabin larurarsu. Laifin shi ne a mai da ita abin gori.

Game da kuturta, Malam ya ce ba la'ana ba ce, ba kuma gadon gida ba ce. Ƙwayar cuta ce da wani likita a ƙasar Norway mai suna Hansen ya gano a 1873. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magungunan da ke warkar da ita cikin wata 6 zuwa 12, kuma tun 1995 kyauta ake bayarwa. Ya ce wanda ya sha magani ya daina yaɗa ta, ko da yatsun da ya rasa ba za su dawo ba. Amma tsoron sunan ne ke sa mutum ya ɓoye tabon da ya gani a fatarsa, ya ƙi zuwa asibiti irin na Saye a Zariya, har ciwon ya nakasa shi. Hadisin da ya yi umurni da nisantar mai wannan ciwo, in ji shi, rigakafi yake koyarwa, bai halatta wulaƙanci ba.

Kashi na biyu su ne na asali, kamar shege, agola, jikan bayi, ko a ce gidan su wane mayu ne. Malam ya tambaya, wane ne a cikinmu ya zaɓi cikin da zai fito? Ya ce Alƙur'ani ya maimaita cewa ba wanda ke ɗaukar laifin wani. Ya kawo ƙissar Abu Zarr, wanda ya goranta wa wani mutum da mahaifiyarsa, Manzo (S) ya nuna masa cewa har yanzu da sauran jahiliyya a tare da shi. Ya ce in an faɗa wa babban Sahabi haka, ina ga wanda ya hana ƙanwarsa auren mumini don ana ce wa kakarsa mayya, ko don ubansa mahauci ne? Alhali Manzo (S) da kansa ya aurar da Zainab bint Jahsh, 'yar gwaggonsa, ga Zaid bin Harisa, wanda aka 'yanta daga bauta.

Kashi na uku, wanda ya ce ya fi shafar matasa, su ne na saɓo, kamar ɗan daba, ɗan ƙwaya, ɗan tasha da karuwa. Malam ya ce saɓo saɓo ne, ba a sa masa zuma. Sai dai Bukhari ya ruwaito labarin wani mutum da aka sha kawowa ana yi masa haddin shan giya, har wani ya la'ance shi, amma Manzo (S) ya hana, ya kuma shaida masa da son Allah da Manzonsa. Ya ce sau nawa yaro ke ajiye wuƙa ya nufo masallaci, sai ya ga kowa na ɗauke takalminsa yana matsawa? Da ya juya, abokansa na daba na nan suna jiransa da fara'a. Wa ya kore shi? Ya ƙara da cewa har wanda ya shigo Musulunci ma, shekara 20 ba ta hana a ci gaba da kiransa tubabbe ba, wa'iyazubillah.

Malam ya ja hankalin 'yan uwa cewa su ne ya kamata su fi kowa sanin zafin wannan abu, domin su ma an sha sa masu sunaye don a nisanta jama'a daga gare su. Ya ce wannan tsohon makami ne. Manyan mutanen Annabi Nuhu (AS) sun kira mabiyansa ƙasƙantattu, kamar yadda ya zo a Suratu Hud, Ƙuraishawa kuma sun kira Manzo (S) mahaukaci da masihirci. Bai dace wanda ke ikirarin tsaya wa raunana ya ari makamin azzalumai ya sari na ƙasa da shi ba.

A ƙarshe ya ba kowane ɗan uwa aiki kafin zama na gaba. Ya nemi mutum ɗaya a unguwarsu wanda ba a san shi sai da laƙabi, ya binciki sunansa na yanka, ya yi masa sallama da shi, ya kuma gayyato shi karatu. An rufe zaman da addu'a.