MATSAYIN ADALCI WAJEN BA DA ILMI DA SHUGABANCI A TARBIYYAR ƘADIRIYYA

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci mutane daga uba ɗaya da uwa ɗaya, Ya rarraba su dangi-dangi da harshe-harshe domin su san juna, sannan Ya ajiye ma'aunin fifiko a wuri guda, wato taƙawa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. Allah Ya ƙara yarda ga Shehun ɗariƙa, Sidi Abdulƙadir Jilani, da sauran waliyyan Allah baki ɗaya.



GABATARWA

Duk wanda ya tsaya bakin hanya ranar Maukibi ya dubi tutoci suna wucewa, zai ga attajiri da ɗan dako kafaɗa da kafaɗa, Bahaushe da Bafulatani da Babarbare da Banufe da Bayarabe, harsuna sun bambanta amma zikiri ɗaya ne. Wannan ni'ima ce da ta cancanci godiya. Sai dai kuma akwai tambayar da ya kamata kowace zawiya ta yi wa kanta bayan an naɗe tutoci an koma gida: shin ƙofar karatu da ƙofar muƙaddamci a buɗe suke ga duk waɗannan mutane, ko kuwa wasu sun shiga an bar wasu a soro? Amsar wannan tambaya ita ce manufar wannan muƙala.

ASALIN AL'AMARIN A SUNNA

Manzon Allah (S.A.W.) bai taɓa auna mutum da launinsa ko asalinsa ko lafiyar jikinsa ba wajen ba da amana. Bilalu mutumin Habasha, wanda aka taɓa bautarwa a Makka, shi ya zama ladaninsa. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, a kansa aka saukar da farkon Suratu Abasa, kuma sau da yawa shi Annabi (S.A.W.) yake bar wa Madina idan zai fita yaƙi. Salimu, 'yantaccen bawan Abu Huzaifa, ya limanci Muhajirai a Ƙuba, cikinsu har da Sayyadina Umar, saboda ya fi su haddar Alƙur'ani. Usamatu ɗan Zaidu kuwa an ɗora shi kan runduna mai manyan sahabbai alhali yana saurayi.

Haka nan Imamul Buhari ya ruwaito cewa mata sun kai kuka wurin Annabi (S.A.W.) cewa maza sun rinjaye su a majalisinsa, suka roƙi a ware musu rana tasu, ya kuwa ware musu. A lura da kyau: bai ce da su ai majalisi a buɗe yake, wadda ta ga dama ta zo ba. Ya dubi abin da ya hana su isowa, sai ya kawar da shi. Wannan shi ne ainihin adalci a sha'anin karantarwa.

ABIN DA SILSILA TAKE KOYARWA

Muridi yakan karanta silsilar shehunai domin neman tabarruki, amma da zai tsaya ya binciki tarihin kowane suna, da ya ga darasi babba. Hasanul Basri, wanda silsila ta bi ta kansa zuwa ga Sayyadina Aliyu, ɗan 'yantattun bayi ne. Mahaifiyarsa Haira ta yi hidima a ɗakin Uwar Muminai Ummu Salama. Almajirinsa Habibul Ajami, sunansa ma ya nuna ba Balarabe ba ne. Ma'aruful Karhi, littattafan tarihin sufaye sun ambata cewa iyayensa Nasara ne kafin Allah Ya shiryar da su. Sariyyus Saƙaɗi ɗan kasuwa ne mai sayar da tarkacen kaya a Bagadaza. Imamu Junaidu ɗan mai sayar da kwalabe ne. Shibli kuwa ma'aikacin hukuma ne mai muƙami, ya ajiye muƙaminsa ya zo ya durƙusa gaban Junaidu. Ɗan bawa, da baƙo, da ɗan tireda, da mai mulki, duk a igiya ɗaya, kuma ta hannunsu sirrin ya iso.

Shi kansa Sidi Abdulƙadir (R.A.), wanda aka haifa a ƙasar Jilan a shekara ta 470 Hijiriyya, baƙo ne a Bagadaza lokacin da ya shigo ta yana ɗan shekara 18. Duk da sharifantakarsa ta wajen uba da uwa, ya zauna ya karɓi tarbiyya a hannun Shehu Hammadu Dabbas, wanda laƙabinsa ya samo asali daga sana'ar sayar da maɗin dabino. Sannan da Alƙali Abu Sa'idu Muharrimi ya rasu, makarantarsa ta Babul Azaj hannun wannan baƙo ta koma, ba don shi ɗansa ne ba, sai don shi ya cancanta. Daga wannan makaranta ya ci gaba da karantarwa da wa'azi har ya koma ga Ubangijinsa a shekara ta 561. Da a ce mutanen Bagadaza sun ce ba a ba baƙo allon gida, da duniya ta yi hasarar abin da ake taruwa dominsa a yau.

SHEHU MUJADDADI DA ILMIN MATA

A ƙasar Hausa babu wanda ya ɗaga wannan tuta kamar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (1754 zuwa 1817), wanda Baƙadire ne shi da jama'arsa. A cikin littafinsa Nurul Albabi ya zargi malaman zamaninsa da suke tara almajirai a zaure suna karantar da su safe da yamma, alhali matansu da 'ya'yansu mata da bayinsu suna cikin gida ba su san hukuncin tsarki da salla da azumi ba. Shehu ya nuna cewa karantar da iyali wajibi ne, kuma wanda ya bar wajibi ya kama abin da zai jawo masa suna a gari, to ya binciki niyyarsa.

Wannan matsayi bai tafi ba tare da suka ba. A zamanin da Shehu yake zagayen wa'azi a ƙasar Zamfara, wani malami Babarbare mai suna Mustafa Gwani ya aiko masa da baitoci yana neman ya hana mata halartar majalisinsa. Shehu ya umarci ƙanensa Abdullahi ya ba da amsa, kamar yadda Abdullahi ya kawo labarin a Tazyinul Waraƙati. Taƙaitaccen abin da amsar ta ƙunsa shi ne: ba a cuɗanya maza da mata a majalisin, kuma barin mata cikin jahilcin addininsu ɓarna ce da ta fi wadda ake gudu girma. Wato maganin tsoron cuɗanya shi ne a tsara wurin zama, ba a kori rabin al'umma daga karatu ba.

Ta fuskar shugabanci ma haka Shehu ya yi. Malam Yakubu, wanda ya kafa birnin Bauchi, ɗan ƙabilar Gerawa ne da ya je almajirci wurin Shehu tun yana yaro. Da lokacin ba da tutoci ya zo, sai aka ba shi tuta kamar yadda aka ba 'yan'uwansa malaman Fulani, domin karatu da amana aka duba.

'YAN TARUN NANA ASMA'U

Wadda ta mayar da wannan koyarwa tsari mai ɗorewa ita ce 'yar Shehu, Nana Asma'u (1793 zuwa 1864), matar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Bayan yaƙe-yaƙen jihadi, ƙauyukan da ke kewaye da Sakkwato da Wurno sun cika da mata waɗanda ba su sami karatu ba, da yawansu an kawo su ne ta hanyar yaƙi, kuma bori ne mafakarsu idan ciwo ko baƙin ciki ya same su. Nana Asma'u ba ta zauna tana jiran su zo ba, ba ta kuma tsaya ga tsine musu ba.

Abin da ta yi shi ne ta zaɓi dattijan mata masu hankali da riƙon amana daga garuruwa, ta naɗa kowacce ta zama jaji. Alamar naɗin ita ce malfa da jan rawani. Malfar nan a dā alama ce ta Innar Gobir, shugabar 'yan bori. Sai Nana ta ɗauki alamar da mata suka saba girmamawa ta ɗora ta a kan mai karantar da addini. Jaji takan jagoranci ayarin mata, galibi tsofaffi da 'yan mata ƙanana waɗanda hidimar gida ba ta ɗaure su ba, su tako zuwa wurin Nana, su ɗauki karatu, su koma su isar wa matan aure a cikin gidajensu. Waɗannan su ne 'Yan Taru. Sukan zo da sadaka ta hatsi da zuma da man shanu da tufafi, ita kuma ta rarraba wa mabuƙata.

Akwai hikimomi uku a wannan tsari. Ta farko, harshe: ta san matan karkara ba sa jin Larabci, da yawansu ba sa jin Fulatanci, sai ta tsara musu tauhidi da fiƙihu da sira cikin waƙen Hausa mai sauƙin haddacewa, wanda mace za ta iya bita tana daka ko tana kaɗi. Ta biyu, hanya: wadda ba za ta iya fitowa ba, karatu ya same ta har ɗaki. Ta uku, shugabanci: ba ta riƙe komai a hannunta ita kaɗai ba, ta ɗora matan ƙauye a kan matan ƙauye. Har ila yau, a waƙenta na Tawassuli ga Mata Masu Albarka ta jera matan ƙasarta salihai tare da Iyayen Muminai da Rabi'atul Adawiyya, domin kowace mace ta san cewa ƙofar walittaka ba a rufe take gare ta ba. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru, tsarin kuma ya rayu har bayan zuwan Turawa.

A nan Kano ma, unguwar Kabara sunan wani gari ta ci da ke kusa da Tambutu, inda Malam Umaru Kabara ya fito. Birni ya karɓi baƙo, sai Allah Ya fitar da Maulana Shehu Muhammadu Nasiru Kabara daga tsatsonsa. Shi kuma kafin rasuwarsa a 1996 ya bar wa al'umma fassarar Alƙur'ani da harshen Hausa, domin wanda bai yi zurfi a Larabci ba kada a bar shi a baya.

INA AKA KWANA A YAU?

A shekarar 2004 aka kafa doka a Nijeriya da ta wajabta karatun shekara 9 kyauta ga kowane yaro. Duk da haka, a 2022 hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa yara da matasa kimanin miliyan 20 ba sa zuwa makaranta a ƙasar nan, kuma sanin kowa ne Arewa ce ta ɗauki kaso mafi tsoka. Waɗannan yara ba daga sama suka faɗo ba. Wasunsu 'ya'yan muridai ne. Akwai yarinyar da aka cire daga Islamiyya aka ɗora mata tallan goro, da almajirin da bara ta cinye masa lokacin allo, da makaho da kurma da gurgu waɗanda ba a taɓa tunanin yadda za su kai ga darasi ba.

Saboda haka ana gabatar da waɗannan shawarwari ga zawiyoyi:

Na farko, kowane muƙaddami ya san adadin 'ya'yan muridansa da ba sa karatu, maza da mata, ya san dalilin kowanne. Wanda kuɗin makaranta ya hana, a ware masa wani abu daga hadiyya da sadakar da ake tarawa, kamar yadda Nana Asma'u take yi da abin da 'Yan Taru suka kawo.

Na biyu, a raya sunnar jaji. A zaɓi mata masu ilmi da kamun kai a ba su izinin karantar da 'yan'uwansu a wurin da aka keɓe musu, da lokacin da ya dace da hidimarsu, a kuma riƙa jin shawararsu a al'amuran da suka shafe su.

Na uku, a tuna da Ibnu Ummi Maktum. Makaho yana iya haddar Alƙur'ani da Ishiriniya da ka, kurma yana buƙatar mai yi masa bayani da hannu, gurgu kuma wani lokaci matakala uku ce kawai tsakaninsa da majalisi.

Na huɗu, muƙaddamci amana ce. Gadon gidan malanta alheri ne babba idan ɗa ya gaji karatu da hali, kamar yadda Sidi Abdulwahhabu ya riƙe makarantar mahaifinsa a Bagadaza. Amma idan aka sami ɗan talaka ko baƙo wanda ya fi kowa karatu da hidima da ladabi, aka tsallake shi saboda ba a san gidansu ba, to an saɓa wa silsilar da ake karantawa kullum.

KAMMALAWA

Ya ku 'yan'uwa, son waliyyai ba ya tsayawa ga ziyara da bege; cikarsa shi ne koyi da su. Su kuwa sun karɓi ilmi daga duk wanda Allah Ya ba, sun kuma miƙa shi ga duk wanda ya nema, har da wanda bai san hanyar nema ba. Zawiyar da ta yi haka ta riƙe amanar Shehu Abdulƙadir, wadda ta ƙi kuwa za a tambaye ta.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya ƙara wa Halifa da shehunai lafiya da nisan kwana, Ya shiryi zuriyya, Ya zaunar da ƙasa lafiya, Ya maimaita wannan taro cikin alheri, albarkacin Annabin rahama (S.A.W.).