A Duba Yaro Gaba Ɗayansa: Laccar da Aka Gabatar a Dutsen Abba

 

Uwa takan kawo ɗanta asibiti ta ce jikinsa da zafi, a ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro su koma gida. Alhali yaron nan yana tari, gudawa ta kwana uku, damtsensa ya rame, rigakafin ƙyanda ma ba a yi masa ba. Wannan kafar ce Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka so toshewa da wani tsari da suka fito da shi a tsakiyar shekarun 1990, Najeriya kuma ta karɓi tsarin a 1997. Abin da ya ce shi ne a duba yaro daga kai har ƙafa, ko da ƙorafi ɗaya aka zo da shi.

Aikin ba ya neman na'ura mai tsada. Ma'aikaciya ta ɗaga rigar yaro, ta dubi agogo, ta ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur. Ɗan wata 2 zuwa shekara, in ya kai 50 limoniya ce. Daga shekara 1 zuwa 5, 40 ya isa. Ta ɗan tsunguli fatar cikinsa ta ga ko za ta koma nan take. Ta ɗaura ma'auni a damtse. In ya faɗa ja, tamowa ta yi tsanani.

To, ina matsalar? Wannan duba yana son natsuwa, ita kuwa ma'aikaciyar sau da yawa ita kaɗai ce, ga layi har waje, ita ce awo, ita ce allura, ita ce rubutu. Horon asali na kwana 11 ne, kuma da an horar da mutum sai a ji an yi masa sauyin wurin aiki. In an gano cutar, babu zinc, babu amoxicillin, sai takarda zuwa kemis, uba ya sayo abin da aljihunsa ya kai. In kuma an ce a wuce Asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan ko asibitin Shika, kuɗin mota kaɗai kan sa a koma gida. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna yara 132 cikin 1,000 ba sa kai shekara 5.

Mu ma da namu. Yaro na zawo mu ce haƙori ne. Yana jijjiga a ce iska ce, a turara shi. Abin da ya fi damuna shi ne uwar da ta ga alamar da idonta amma ta zauna jiran izinin maigida da ke kasuwa.

Kwamitin unguwa, ku riƙa leƙa ɗakin magani kuna tambayar abin da ya ƙare. Magidanta, ku ba da izinin tun yau: in yaro ya ƙi nono, ko yana amayar da komai, ko yana jijjiga, ko ya galabaita, a tafi da shi asibiti, a kira ku a hanya.